Yadda Ladabi Ya Kayar da Ƙanena

Ƙanena faci yake yi. In ka bi babban titi ka wuce gidan mai na biyu, za ka ga wata rumfar kwano da tsofaffin tayoyi jibge a gabanta, da injin iska mai tari kafin ya tashi, da rabin duro cike da baƙin ruwa. Wanda ke tsugune gaban duron yana juya tub a hankali, yana jiran kumfa ta nuna masa inda huda take, shi ne. Direbobi Sannu-Sannu suke ce masa. Ni kuwa Auta nake kiransa, don ni na goye shi, kuma har yau ba a ƙera kambun da zai sa in canja masa suna ba.

Sunan bai zo a banza ba. Direba zai tsaya a fusace, fasinjoji na ta masifa a mota, ya ce a yi masa sauri. Auta zai nuna masa benci. Sai ya kankare wurin hudar, ya shafa gam, ya zauna yana kallon gam ɗin yana shan iska. In direban ya matsa, iyakar abin da zai ce shi ne sannu-sannu ba ta hana zuwa. Sauran karin maganar direban ne ke ƙarasa masa, da zagi a ƙarshe. Amma gobe ma nan zai dawo, don facin Auta ba ya ɗagowa, sai dai tayar ta mutu ta bar shi.

Da yawa cikin masu zama a bencin nan ba su san mutumin da ke sa musu iska ya riƙe kambun damben zamani na matsakaita nauyi shekara uku cur ba. Damben safar hannu nake nufi, na cikin igiya, mai ƙararrawa da alƙalai uku masu rubuta maki. Wani mutum da kowa ke kira Koci ne ya jawo mana. Babur ɗinsa ya yi faci wata rana, ya turo shi rumfar, ya tarar da Auta, lokacin yana ɗan shekara goma sha tara, yana raba tayar babbar mota da rim da guduma. Koci ya manta da babur ya tsaya kallon kafaɗu. Kafin mako ya zagayo ya ja shi saman wani tsohon sito inda yake koyarwa. Buhunan yashi uku ne a rataye, da madubi tsagagge, da wani warin gumi da tsohuwar fata wanda ke bin mutum har gida.

Na yi faɗa ba ƙarami ba. Iyayenmu sun rasu, ni ce uwa ni ce uba, ga wani ƙato ya zo zai kai mini yaro inda za a fasa masa hanci a tafa. Na hau har saman siton na wanke Koci tas. Ya saurare ni har na gama, ya ce in zauna in kalli atisaye ɗaya kawai. Ban zauna ba, amma na kalla. Da na koma shagona, ni ɗinki nake yi, sai na yanko jan yadi na ɗinka wando mai farin layi a gefe. Na ce in dai dukan za a yi, gara a doke shi cikin wando mai kyau.

Damben Auta kamar facinsa yake. Turmin farko, wato mintuna ukun farko kafin a kaɗa ƙararrawa, ba ya komai sai rufe fuska. Na biyu ma haka. 'Yan kallo su yi ta ihu suna cewa a tashe shi daga barci. Abokin karawa ya ga banza ta faɗi, ya saki jiki ya yi ta zuba naushi. Sai an kai masa wani mai kyau, irin wanda ke sa ni in ja mayafi in rufe ido, sannan za ka ga ya girgiza kai ya ɗan lashi leɓe. Daga nan kuma ɗaya yaron sai addu'a. Abin da aka ba Auta shi yake mayarwa, sai dai hannun da ya tashi a kan guduma ba ɗaya yake da na kowa ba. Mutum goma sha bakwai ya kwantar a haka, na ƙarshensu shi ne mai kambun.

Kowa ya yarda zuciya ce. Koci ya ce zuciyar yaron injin dizal ce, sai ta yi zafi take ja. Ni ma na yarda, ko da yake a gida ban taɓa ganin wannan zuciyar ba. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta ce shekara goma suna tare ba ta taɓa jin muryarsa ta wuce ƙofar ɗaki ba, ita ce mai yin faɗan su biyu, ta yi nata ta yi nasa. Da kambun ya zo gida, wani faffaɗan bel mai farantin ƙarfe a tsakiya, ta rataye shi sama da talabijin. 'Yan biyun kan sauke shi su shiga ciki tare su yi ta yawo a tsakar gida. Shi kuwa gogan washegari ƙarfe bakwai yana rumfa yana lallashin injin iska.

Haka muka yi shekara uku cikin jin daɗi, sai Allah ya kawo Ticha.

Malamin firamare ne, dogo siriri, mai fararen haƙora da tafiyar natsuwa. Daga baya muka ji ashe wasan Auta shida ya kalla daga cikin 'yan kallo, da littafi a cinya yana rubutu. Ranar awon nauyi, inda 'yan dambe ke haɗa goshi suna zare wa juna ido, Ticha sai ya rusuna ya kama hannun Auta da hannu biyu. Ya kira shi Yaya, ya tambayi lafiyar 'yan biyu da mamansu, ya ce shi tun yana makaranta yake kallonsa. Auta ya dawo gida yana ta yabo, wai yaron akwai tarbiyya. Maman 'Yan Biyu ta taɓe baki ta ce ita dai tarbiyyar nan ba ta kwanta mata ba.

Ashe ta fi mu hangen nesa. Ranar wasa aka kaɗa ƙararrawa, Ticha ya matso ya taɓa goshin Auta da safa, ya yi baya. Ya dawo ya taɓa ciki, ya yi baya. Taɓawa fa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. In suka rungumi juna sai ya raɗa masa a kunne, "Yi haƙuri, Yaya." Su kuwa alƙalai ba ruwansu da nauyin hannu, duk taɓawar da ta sauka maki ce. Auta ya yi ta jiran naushin da zai tashe shi. Turmi huɗu, turmi shida, turmi tara. In an taɓa shi, shi ma ya miƙa hannu ya taɓa daidai yadda aka yi masa, sai dai kafin ya yi ɗaya Ticha ya yi uku ya bar wurin. Koci ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Aka gama turmi goma sha biyu ƙanena ko ƙwarzane babu a fuska, aka ɗaga hannun Ticha.

Abin bai tsaya nan ba. Ticha ya zo da kambun a kafaɗa ya durƙusa gaban Auta ya ce ya sa masa albarka. Kuma wallahi ya sa masa. Ina daga kujerata na cire takalmi zan yi jifa, Maman 'Yan Biyu ce ta riƙe mini hannu.

Asiri ya tonu ke nan. Duk wanda aka haɗa da Auta bayan wannan sai ya zama ɗan gidan mutunci. Akwai wani ƙato mai zane a wuya, wanda aka sani da zagin iyayen mutane tun daga ƙofar shiga, shi har filas ɗin shayi ya kawo wa Auta kyauta ranar awo. Wasa uku, duka aka cinye shi da maki. Direbobi suka samu abin yi. Mutum zai zo shan iska ya taɓa masa kafaɗa da yatsa ya ce yi haƙuri Yaya, benci ya kwashe da dariya. Shi ma ya taya su.

Dariyar ba ta ruɗe ni ba. Auta mutum ne mai fito in yana aiki, tun daga gidan mai kake jiyo shi, sai fiton ya ɗauke. Ya fara rage abinci a kwano. Na taɓa tarar da shi tsugune gaban duro, tub na ta fitar da kumfa a ƙarƙashin hannunsa, shi yana kallon titi. A makon nan wani direba ya dawo da taya, facin ya ɗago, abin da ba a taɓa yi ba. Maman 'Yan Biyu ta zo shago ta ce ya faɗa mata wai wataƙila shi dama ba komai ba ne, mutane ne suka yi ta dukansa har ya zama zakara. Maganar nan ta soke ni. Kambu dai ƙarfe ne da fata, ya je duk inda za shi. Ƙanena ne nake gani yana sacewa a hankali, na rasa ta inda iskar ke fita.

Koci ya nema masa karo na biyu da Ticha, Ticha kuma ya amsa, cikin ladabi mana. Aka sa wata uku. Koci ya faɗa a gaban kowa cewa in Auta ya sake zuwa ya tsaya ana shafa masa fuska, shi da kansa zai karɓe safar hannun ya kulle a akwati, a huta.

Muka yi taro a shagona, ni da Koci da Maman 'Yan Biyu, na janyo labule. Shawara ta tsaya a kan cewa tunda ba wanda zai ƙara dukansa a cikin igiya, to mu za mu tayar masa da zuciya tun daga waje, ya shiga da zafinsa. Muka raba aiki.

Koci ne ya fara. Wajen atisaye ya dinga kiransa rago, buhun auduga, abin kunyar masu faci. Ya yi kwana huɗu yana yi. Rana ta biyar Auta ya zo masa da ruwan sanyi da maganin maƙogwaro, ya ce Allah ya huci zuciyar Koci, ya lura kwanan nan ransa a ɓace yake, ko lafiya a gida.

Maman 'Yan Biyu ta karɓa. Mako guda tana zuba masa gishiri a shayi. Ya shanye kullum, ya ajiye kofi ya ce an gode. Ran na bakwai ya shigo da sabon kwalin sukari, ya ce ta gwada wannan, ya ga kamar masu wancan kamfanin sun fara ha'inci. Ta zo tana ba ni labari tana dariya tana share hawaye, ta ce ita ta sauka, alhakin ya yi mata yawa.

Saura ni, kuma ni na ɗauka na fi su dabara. Na je rumfa na sha kunu, na ce masa Ticha ya tsaya a gaban mutane ya ce yayarsa mafaɗaciya ce, kuma wandon da take ɗinka masa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Auta ya ajiye ƙarfen cire taya. Ya wanke hannu da omo, ya sa riga, ya hau babur ya tafi. Na koma shago ina rawa, na aika wa Koci cewa injin ya tashi. Bayan awa biyu sai ga babur a ƙofar shagona, Auta a gaba, Ticha a baya. Wai ya je makarantar ya jira aka tashi tara, ya tambaye shi a natse. Ticha ya rantse bai faɗa ba, amma ya ce tunda har ran Babbar Yaya ya ɓaci, dole ya zo ya ba da haƙuri. Ya durƙusa a gaban kekena ya ba ni haƙurin abin da ni na ƙirƙira. Kafin ya tafi ya ba da ɗinkin riga biyu. Na ɗinka masa, kunya kamar ƙasa ta tsage, kuma sun zauna masa ɗas.

Saura mako uku wasa, wata la'asar Auta ya shigo shago da jan wandon a leda, ya ce zamewa yake yi, in rage masa. Na ɗauko tef na zagaya ƙugunsa. Inci uku ya tafi. Na sake aunawa ko na yi kuskure, ban yi ba. Nan fa abin da na daɗe ina dannewa ya taso. Na jefar da tef ɗin na hau shi da faɗa, na ce ƙato kamarsa yana ramewa a kan wani siririn malami, alhali naushi ɗaya ya ishe shi.

"Me ya hana ka kai masa duka?" na ce. "Ɗaure maka hannu aka yi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa. "Ke kika ce, Yaya."

"Na ce me?"

"Ranar da aka fitar mana da kaya."

Na tuna ranar. Shekararsa tara lokacin, ni sha shida, Baba bai daɗe da rasuwa ba, muna haya a ɗaki biyu mu da Inna. Ɗan mai gidan, wanda ya girme shi, ya yi wata magana a kan Baba, Auta ya kai masa naushi ɗaya ya cire masa haƙori. Bayan mako guda mai gidan ya sa aka fito mana da kaya. Ina tuna katifa a jingine da bango a bakin titi, da tukwane a cikin bokiti, da Inna zaune a kan akwati ba ta da lafiya, maƙwabta na leƙe. Wannan duk ina tune da shi. Abin da na manta, shi kuma ya maimaita mini kalma bayan kalma, shi ne na kama hannunsa na dama a wurin, na zabga masa silifa a kai, na ce ya ga abin da hannunsa ya jawo mana. Na ce daga ranar kada ya ƙara fara taɓa ɗan kowa. In an yi masa, ya rama daidai abin da aka yi masa, kada ya ƙara ko ɗis. Na sa shi ya ce ya yi alkawari.

Ya ce shi bai taɓa jin haushin kowa a cikin igiya ba, bai san wace zuciya Koci ke ta magana a kai ba. Jira yake a ba shi, sannan ya mayar. Da Ticha ya ƙi ba shi komai, shi ma ba shi da abin mayarwa. Ya sha gwada kai hannun, sai ya ji kafaɗar ta riƙe.

Magana zarar bunu ce, haka ake cewa, amma ni tawa ban ma san na zare ta ba. Kuma akwai abin da ya fi wannan. Mai gidan nan ya riga ya sayar da gidan wata guda kafin maganar haƙori. Ya ba Inna notis, ta ɓoye mana don kada hankalinmu ya tashi, tana ta neman wani wuri ba ta samu ba. Duk 'yan hayar gidan sun fita a watan. Haƙorin dalili kawai ya samu na farawa da mu. Inna ta ba ni labarin da bakinta shekaru bayan haka, har muna dariya, Auta yana wajen koyon aiki. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wanda ke bukatar jin sa ba.

Na faɗa masa duka. Ya kalli hannunsa.

"Wato ko ban doke shi ba, da mun fita?"

"Da mun fita, Auta."

"Shekara ashirin da biyar, Yaya," ya ce, a hankali yadda yake komai. Ya juya ya fita ya bar wandon a kan keke.

Ga abin da muka yi wata biyu muna nema ya samu, Auta ya yi fushi, kuma da ni ya yi. Mutumin da kullum sai ya tsaya da babur a ƙofar shagona ya ce Yaya an tashi lafiya, ya canja hanya. Na rage wandon na ba Maman 'Yan Biyu ta kai masa. Koci ya zo yana washe baki, wai yaron ya fasa buhun yashi ɗaya, zagin da ya yi masa ne ya fara aiki sai yanzu. Na bar shi da farin cikinsa. Maman 'Yan Biyu ta ce abinci ya dawo, har ƙari yake nema, fito ma ya dawo, amma da an ambaci sunana sai ya tashi. Na yi murna, na kuma yi kuka, a rana ɗaya. Na ce ko ba zai ƙara yi mini magana ba, in dai ya dawo mutum, na yarda. Ƙarya nake yi, ban yarda ba.

Ranar wasan da yamma ne, rana ba ta faɗi ba. Ban zauna kujerata ta gaba ba, can baya na lafe kusa da mai sayar da ruwa. Zauren ya cika, rabin mutanen dariya suka zo yi. Da Auta ya fito cikin jan wando, wasu suka haɗa baki suna cewa yi haƙuri Yaya. Ticha ya rusuna masa kamar yadda ya saba. Auta ya amsa da kai.

Aka kaɗa ƙararrawa. Ticha ya taho da 'yar rawarsa zai ƙwanƙwasa ƙofa, sai ya tarar da mai gida a waje. Auta ya tako taku biyu ya saki hagu, tun kafin a taɓa shi. Ƙarar ta kai har inda nake. Ticha ya tafi da baya sai da igiya ta tare shi, idanunsa a waje. Koci kansa ya saki baki da tawul a hannu. Mai ruwan da ke gefena ya tambaye ni ko an canja mutum ne.

Daga nan aka yi dambe. Ashe Ticha ya iya duka, ajiye shi ya yi don bai ga amfaninsa ba. Ladabi ya tafi hutu. A turmi na uku ya fasa wa Auta gira, jini ya gangaro har kan farin layin da na ɗinka. Na kai hannu zan ja mayafi, sai na fasa. Na ce ni na riƙe hannun nan shekara ashirin da biyar, ba ni da ikon rufe ido ranar da aka sake shi. Auta bai jira komai ba, shi ke bi, shi ke farawa, yana tare Ticha a kusurwa kamar mai kora kaza akurki. A turmi na shida ya sa masa dama a haƙarƙari, hannun Ticha ya sauka, hagu ta bi ta sama. Alƙalin wasa ya ƙirga goma Ticha na zaune yana neman inda ƙafafunsa suka shiga. Auta ne ya ɗaga shi, ya riƙe shi har ya tsaya.

Kambun bai daɗe a gidan ba, in gaya muku gaskiya. Bayan wata takwas wani yaro mai ƙuruciya ya karɓe shi da duka na gaske, Auta ya dawo gida da kumburarren baki yana ba da labari yana dariya, ya rataye safarsa da kansa. Koci har gobe cewa yake zaginsa ne ya yi aiki.

Amma a yammar nan ni ban san ko ina da ƙane ba. Mutane suka yi ta tururuwa zuwa ɗakin canja kaya, ni na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Yana zaune a benci, an liƙa masa filasta a gira, ido ɗaya ya rufe, Koci na yanke masa bandejin hannu da almakashi. Da ɗaya idon ya hango ni. Ya ce a ba Yaya hanya.

Na shiga na tsaya a gabansa.

"Kin gani?" ya ce. "Ni na fara."

"Na gani."

Ya juya hannun da aka kwance, ya buɗe shi ya rufe. "Ina ta jira in ji abin da zai faru. Har aka gama turmin farko gabana na faɗuwa." Ya ɗago ya dube ni, leɓensa a fashe. "Ba a fitar wa kowa da kaya ba, ko?"

Koci ya yi dariya don bai san zancen ba. Ni na durƙusa a kan simintin nan da ke jiƙe da ruwa, na kama hannun da hannu biyu, na ce ba a fitar ba, Auta, kowa na gidansa. Ya bar mini hannun har na gama kukana, bai ce in yi sauri ba.